Na kai mahaifina makaho wani ƙauye na ce masa filin kokawar Yamai ne

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da duk mai karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda zai zage ni kuma ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Kurgu a ƙasar Bagudo, albasa nake saye ina kaiwa kasuwannin Benin. Mahaifina tsohon ɗan kokawa ne, a zamaninsa babu ƙauyen da ba a san kirarinsa ba daga nan har bakin Kwara. Yanzu idonsa ya tafi gaba ɗaya, ƙafa ma sai da sanda. Yayyena suna birni, nasu bai wuce waya da "a gaida Baba" ba. Ni ne wanka, ni ne kai shi bayi, ni ne asibiti. Ba ƙorafi nake yi ba, so nake ku san a gajiye nake tun kafin wannan abu.

Tun ina yaro Baba ba shi da zance sai babban filin kokawa na Yamai. Bai taɓa zuwa ba, a rediyo ya san shi. In ana gasar kokawar cin takobi a Nijar rediyon nan manne yake da kunnensa, ko tuwo ba ya waiwaya. Da ƙuruciya noma ya hana shi tafiya, da ya manyanta hidimarmu ta hana shi, da ya makance sai ya juyo kaina. "Kai yaro, yaushe za mu Yamai? Ba gani nike so ba, ƙafata dai ta taka rairayin nan." Kowace kaka sai in ce sai baɗi.

Bara ya kwanta ciwo har muka fid da rai. Da ya tashi sai ya daina tambaya, ya kuma rage cin abinci. Rannan ina ba shi koko ya ture kofin ya ce, "Bar shi. Na gane ba ka kai ni." A lokacin hanyar Nijar ba ta biyuwa yadda aka saba, ga matata da tsohon ciki, ga jikinsa ba zai ɗauki doguwar tafiya ba. Amma in faɗi gaskiya, ko hanya lafiya lau take ba ni da ƙarfin zuwa. So nake kawai maganar ta ƙare in huta.

Sai wani abokin cinikina mutumin Dandi ya ce za a yi kokawar kaka a ƙauyensu, can cikin Benin kaɗan bayan an wuce garin Lolo na bakin iyaka. Nan shaiɗan ya raya mini. Na ɗora Baba a babur muka tsallaka iyaka, na yi ta canza mana mota muna zagaye wuri ɗaya har rana ta yi sanyi, muka kwana gidan abokin nan. Na roƙe shi da iyalinsa kowa ya ce Yamai ce. Washegari da la'asar na riƙe hannunsa zuwa filin wata makarantar firamare. Akwai ganga, akwai lasifika ana ta Faransanci da Dandanci, mutane dai ba su da yawa. Ya karkata kai ya saurara ya ce, "Filin ya yi mini ƙanƙanta a kunne." Na ce ai ba ranar gasa ba ce, gwaji ake yi. Sai ya cire takalmansa ya ce in shigar da shi tsakiya. Makaɗan suka ga tsoho, abokina ya raɗa musu sunansa, suka kama yi masa kirari. Jama'a, Baba ya yar da sanda ya ɗaga hannu biyu sama yana rawa yana kuka. Ya ce, "Allah shi yi ma albarka, yau ka gama mini komai." Ni kuwa ina tsaye kamar in nutse. Wane irin ɗa ne zai karɓi irin wannan albarka a kan ƙarya? Ta kama ni ma kuwa?

Muka dawo ya warware, yana cin abinci, yana fita majalisa ƙofar masallaci yana ba da labari. Na ce to shi ke nan, wa aka cuta?

Ashe da saura. Baba yana da amini tun na samartaka, zan kira shi Baba Manu. Ya yi shekaru yana sayar da goro a Yamai, filin nan ya shige shi ya fi a ƙirga. Lokacin tafiyarmu yana jinya wurin 'yarsa a wani gari, watan jiya ya dawo. Da murnarsa ya zo majalisa ya ce, "Ashe ka tafi! Yaya ka ji hawan matakalan simintin nan da ƙafarka?" Baba ya ce, "Babu wasu matakala, bisa tabarma munka zauna ƙarƙashin mangwaro." Baba Manu ya ce, "Mangwaro? Cikin filin Yamai?" Wasu suka kwashe da dariya. Ya ƙara tambaya biyu, sannan ya ce, ba da mugunta ba, "An dai kai ka wani wuri, amma ba can ba." Baba ya miƙe ya kira shi maƙaryaci mai hassada, ya rantse da Allah ya taka filin nan, ya ce ɗansa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ina wurin. Na bar shi ya rantse.

Tun ranar ba sa magana. Mutanen da suka yi zaman amana tun kafin a haife ni, yanzu in ɗaya ya zauna ɗaya tashi yake. Gari ya rabu, wasu na cewa baƙin ciki ne ya kama Baba Manu don an daina sauraren labarinsa, har jikokinsa ana tsokanarsu a hanya. Shekaranjiya Baba Manu ya same ni ina ɗaure buhu, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina ka kai shi?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba ni tona ka, na san abin da kake yi mai. Amma ni ma tsoho ne, ba ni so a kai ni kushewa da sunan maƙaryaci."

Shi kuma Baba ya kafe. Ya riga ya aika wa liman, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko in tsaya gaban jama'a in rantse cewa Yamai na kai shi, a wanke shi. Na ce a bar maganar, ya ce, "Mi kake tsoro, ba gaskiya muke da ita ba?"

In na rantse na haɗa kaina da Allah, na kuma ƙarasa wani tsoho da bai yi mini komai ba. In na faɗi gaskiya, na mayar da mahaifina abin dariya a gaban sa'o'insa, na ƙwace abu ɗaya da ya tashe shi daga kwance, kuma ban san ko jikinsa zai ɗauka ba. Na yi tunanin in tsallaka Benin in ƙi dawowa sai bayan Juma'a, to wa zai yi masa wanka? Matata ta ce in same shi a ɗaki mu biyu in gaya masa. Yau da safe na shiga da niyyar haka, na tarar yana gwada wa ɗana yadda ya ɗaga hannu a filin, sai na ajiye masa ruwan alwala na fito.

Wallahi na gaji. Jibi ne Juma'a, ku taimake ni, me zan yi?