Ustaz Sake

Hindawiyya, Jidda
Rajab 1394

Zuwa ga Gwaggo Rahamatu a Bur Sudan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da Hausata, a makaranta da Larabci muke rubutu.

Gwaggo, jikin Baba ne ya sa na rubuto. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce ƙafar za ta dawo in yana taka ta kullum, in kuwa ya bar ta, halas, ta tafi ke nan. Sau ɗaya ya gwada, ya faɗi a gaban Umma. Tun ranar ya ƙi tashi.

Ke kin san lokacin da yake gudu a kwaleji can Sudan, ba takalmi, yana ciyo kofi. Ni ban ga wannan ba. Na taso na tarar da shi da usur a wuya yana koya wa samari ƙwallo a nan, daga baya aka ba shi ofis ya zama mudiri, wato shugaban wasannin makarantu. Ɗalibansa Larabawa ba sa ce masa Abdulghaffar, Ustaz Sake suke kiransa, domin duk wanda ya buga ba daidai ba, ko ya faɗi, abin da zai ji ke nan: sake! Idris, ɗalibinsa da ya gaje shi a fili, ya zo dubiya ya ce har yau yara suna faɗin kalmar, sun ɗauka ta Turawa ce. Baba bai yi dariya ba, ya juya fuska bango.

Kalmar tana bakina, amma yaya 'ya za ta faɗa wa mahaifinta haka? Ni da ko malama ta kira sunana a aji sai muryata ta ɓace. Ke ce yayarsa, don Allah ki gaya mini abin yi.

Umma tana gaishe ki.

'Yarki,
Zakiya

Hindawiyya, Jidda
Shawwal 1394

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan kun sha ruwa lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi.

Hajiya Dela ta sauka daga jirgin ruwa ta kawo saƙonki. Ashe kalmar taki ce! Ta ce Baba yana yaro in kin aike shi ɗebo ruwa ya zubar a hanya don gudu, ba kya dukansa, tulun kawai kike miƙa masa ki ce sake. Ta ce kin ara mini bakinki.

Na kwana biyu ina juya abin. Ranar Juma'a da safe na kai masa shayi, na ajiye sandarsa kusa da hannunsa, kaina a ƙasa na ce Gwaggo ta ce ka sake. Sai ya ce bai ji ba, irin wannan murya ko mai tsaron gida ba za ta kai wa ba. Na ɗaga murya na maimaita, har Umma ta fito daga kicin da ludayi. Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ranar bakin ƙofa kawai ya kai, yana gumi. Ya sake faɗuwa bayan nan, ba sau ɗaya ba, ni kuma ina isar da saƙonki.

Ranar Sallah da ƙafarsa ya je masallacin unguwa, Idris yana biye da shi a baya, an hana shi riƙe shi.

Ban san da wane baki zan gode miki ba, Gwaggo. Allah ya saka da Aljanna, ya bar mana ke.

In kin ga rubutun nan ya fi na farko tsabta, Baba ne ya ce in kawo ya duba. Ya karanta, ya nuna mini kurakurai, ya miƙo mini takardar yana murmushi. Kin san abin da ya ce.

Yana gaishe ki, Umma ma haka.

'Yarki mai godiya,
Zakiya