Yis ɗin Giyar Tangi

Teokotai ƙanena,

Ina gaishe ka. Yaya ƙafar taka, yaya matarka Vaine da jikoki? Ni Ngametua nake faɗa, 'yata Moeroa ke rubutawa. Mu nan garin Cairns lafiya lau, ina ci ina barci, kada ka damu.

Sai dai saura sati uku a yi bikin yaye mayafin dutsen da aka kafa a kabarin mijina Tangi. Abokansa za su zo, kuma na rantse sai sun sha giyar lemo irin tasa. Na je kanti na ce a ba ni yis na haɗa giya. Mai kantin ya zube mini busasshe kala goma sha wani abu, ya ce, "Wanne, Mama?" Na ce yis ai yis ne, ɗan nan! Da ya dame ni da tambaya sai na nuna mai hoton dutse da ƙanƙara, don ya fi kyau. Ashe wannan sanyi yake so. A zafin garin nan? Na haɗa giyar a gareji, kwana huɗu gidan ya ɗauki warin baragurbi. Surukina ya ce, "Mama, wa ya mutu a gareji?" Na zubar da lemo buhu biyu.

Moeroa ta ce in sayi ta kwalba in huta. Ni kuwa irin ta Tangi nake so.

Kai ka zauna da Tangi gindin gangar giya can tsibirin Atiu. Me yake zubawa? Shekara arba'in ina masa faɗa kan giyar nan, ban taɓa tambayarsa yadda ake yi ba. Ka faɗa mini da wuri.

Allah ya tsare ku.

Yayarka,
Ngametua