Kwaɗo Biyu a Ƙofar Shagon Inna

Zuwa ga Shugaban jam'iyyarmu na Jiha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran shugabanni. Na so in ce maka ranka ya daɗe, sai na tuna a jam'iyyarmu ta talakawa ba a faɗa wa shugaba haka. To, Kwamared Shugaba, barka da fama da jama'a.

Sunana Rakiya. Ina koyarwa a wata sakandare a Funtua, amma asalina wata mazaɓa ce a ƙasar Malumfashi, can wajen Dayi, inda za a yi zaɓen cike gurbin kansila tun da Allah ya yi wa mai kujerar rasuwa. Sau biyu ina aiko maka da takarda ofis, shiru. Wanda ya karɓa ya ce sai an gano ɓangaren da nake kafin a san wanda zai buɗe ambulan. Shi ya sa na rubuto wannan a buɗe, don in rage muku aiki.

Ƙorafina a kan irin masarar mahaifiyata ne. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya. Ofishin jam'iyya na mazaɓarmu shagon ƙofar gidanmu ne. Mahaifina, marigayi Malam Tanko, shi ya bayar da shi tun kafin a haife ni, ba haya ba komai. Shi ne kuma ya kafa ƙa'idar da har yau ake alfahari da ita: ba a shiga da kujera ofis, domin talaka ya gaji da durƙusa wa mai kujera, kuma babu taron da ya halatta sai wanda aka yi cikin ofis, kowa a kan tabarma. Da rumbun gidanmu ya rushe, mahaifiyarmu, wadda duk garin ke kira Inna, ta koma ajiye irinta a wannan shago, saboda daɓensa na siminti ne kuma ɓera bai saba da shi ba. Kowace kaka takan zaɓi manyan zangarniyoyin farar masararta, ta ɗaure, ta rataye a jikin azara, sama da kan masu taro. Shekara da shekaru ana la'antar 'yan jari-hujja a ƙarƙashin masarar Inna, ba a taɓa samun saɓani tsakanin su biyun ba.

Na biyu. Mazaɓarmu ba ta taɓa ba mu kansila ba, ka fi ni sani. Amma bana mutane sun ji haushin masu mulki kan rabon taki, har waɗanda a da suke tsallake titi in sun hango tutarmu suka fara tsayawa a gaisa. Da 'yan jam'iyya suka ga alamar za a iya cin zaɓe, abin da ba su saba da shi ba, sai suka firgita suka rabu biyu.

Malam Isiyaku, tsohon malamin firamare kuma sakataren mazaɓa, abokin gwagwarmayar mahaifina, ya ce shi zai tsaya, kuma ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya bi bayan gwaninsa ido na ganin ido. Kwamared Nura, wanda muka yi jami'a kusan lokaci ɗaya da shi, ya ce shi ma zai tsaya, kuma ƙuri'ar sirri za a kaɗa. Kowannensu ya san abin da yake yi. Rabin samarin garin Malam Isiyaku ne ya koya musu karatu, ya zane su, wasu ma shi ya karɓar musu aure. Wane yaro ne zai tsaya bayan Nura Malam yana kallonsa ta saman tabarau? Nura kuma ya san in aka shiga bayan labule, duk wanda ya taɓa shan bulalar Malam zai tuna.

Aka kasa daidaitawa, kowa ya yi zaɓensa. Malam ya yi nasa a gindin ɗorawa, a kan tabarmi, ya ci da gagarumin rinjaye. Nura ya yi nasa a filin ƙwallo, ya hayo kujerun roba, shi ma ya ci da gagarumin rinjaye. Tun daga ranar garin ya raɗa musu suna, 'Yan Tabarma da 'Yan Kujera. Akwai waɗanda na gani a wurin duka biyun, kuma a duka biyun sun yi tafi.

Na uku. Washegari da hantsi Malam Isiyaku ya zo ya ɗaura wa ƙofar ofis kwaɗo, wai don kada 'yan tawaye su taɓa kayan jam'iyya. Kafin azahar mutanen Nura suka zo da kafinta, aka buga wata marataya sama da ta Malam, suka ɗaura nasu kwaɗon, wanda ya fi girma. Inna tana cikin gida tana tankaɗe. Ba wanda ya yi mata sallama ya ce ko tana da abin ɗauka. Kayan jam'iyyar da ake wa wannan gadi su ne tabarmi huɗu, da tuta, da hoton mahaifina, da hatimin mazaɓa. An ce mini ba tare da hatimin nan ba babu ɗan takarar da takardarsa za ta shiga, amma wannan damuwarku ce. Tawa damuwar tana rataye a azara.

Na huɗu. Na bar aikina na hau mota na je na sami Malam Isiyaku, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda nake wa ubana. Ya yi hawaye da ya tuna marigayi. Sannan ya ce mini, "'Yata, makullin nan amana ce. Ba ni da ikon buɗewa sai taro ya amince." Na ce to a kira taro. Ya ce ai taro ba ya halatta sai a cikin ofis, a kan tabarma, ubanki ne ya kafa. Na ce Baba, ofis ɗin ne fa a kulle. Ya ce, "To kin gani. Kin ga irin ɓarnar da yaran nan suka yi."

Na tafi wurin Nura. Shi bai yi hawaye ba, amma ya yi mini bayani na kusan awa guda kan yadda ake danne mata manoma a karkara, ni da nake 'yar mace manomiya. Da na samu ya ja numfashi na ce ya zo ya cire nasa kwaɗon, in ya so mu roƙi Malam ya cire nasa. Ya ce, "Wane nasa? Kwamared Rakiya, a hukumance kwaɗo ɗaya ne a ƙofar nan." Na ce ni na ga biyu da idona. Ya ce ganin na biyun ma ai amincewa da haramtaccen ɓangare ne, ya kamata mai ilimi irina ta kiyaye. Kashegari ya turo aka ɗauki hoton Inna tsaye a bakin ƙofa, aka watsa a waya, an rubuta cewa 'Yan Tabarma sun kulle wa uwar jam'iyya abincinta. An ɗauki hoton da gwaninta, kwaɗon ƙasa ne kawai ya fito.

Na biyar. Dagacinmu ya ji labari ya aiko a kira su biyun ya sasanta. Wannan ne karo na farko da suka yi magana da murya ɗaya. Suka ce jam'iyyar talakawa ba ta kai ƙara gaban sarauta. Dagaci ya ce Allah ya ba da haƙuri, shi dama masarar ya ji wa tausayi.

Na shida. Da ƙyar na shawo kansu suka yarda za su zo rana ɗaya bayan la'asar, kowa da makullinsa. Sun cika alkawari, ba zan yi musu ƙarya ba. Malam ya zo da jama'arsa suka shimfiɗa tabarma a gabashin titi. Nura ya zo da tasa suka jera kujeru a yamma. Sai magana ta tsaya a kan wanda zai fara buɗewa. Malam ya ce wanda ya kulle daga baya shi zai fara, haka tarbiyya ta ce. Nura ya ce babba shi ke gaba, haka tarbiyya ta ce. Masu babura suna wucewa ta tsakaninsu suna rage gudu don su more kallo. Inna ta dama kunun tsamiya ta aika wa kowane ɓangare kwarya guda, suka shanye tas. Da aka kira magariba suka tashi suka yi salla a sahu ɗaya, kafaɗar Malam na gogar ta Nura, aka yi sallama kowa ya nemi takalminsa ya tafi da makullinsa a aljihu.

Bayan kwana biyu na samu takardu biyu. 'Yan Tabarma sun dakatar da ni saboda na zauna a kujerar Nura. 'Yan Kujera sun dakatar da ni saboda na durƙusa wa Malam. Duka biyun a shago ɗaya aka buga su a Malumfashi, kuma da alama mai bugawar bai ga dalilin sake rubutu ba, suna kawai ya canja a ƙasa.

Na bakwai, kuma shi ne abin da ya hana ni dariya. Kwamared Shugaba, an yi ruwan shuka. Maƙwabtan gonar Inna sun shuka, ta wasu har ta huda ƙasa. Mai shanun huɗa ya zo layinta ya tarar ba iri, ya wuce gonar gaba, ya ce zai zagayo sau ɗaya, ranar Asabar, in bai samu ba sai baɗi. Za ka ce a sayi iri a kasuwa. Irin kasuwa sai ya tsiro kake sanin abin da aka sayar maka, wannan kuwa tun tana amarya take zaɓensa da hannunta, ta san kwanakinsa, ta san yana jure ƙarancin ruwa a jigawarta. In aka rasa shukar bana, ƙwari za su gama da shi a azara, ya tafi kenan.

Za ka kuma ce a sa guduma. Na faɗa tun ranar farko. Inna ta ce ba a gidanta ba. A wata siyasa da aka yi kafin zuwana duniya, 'yan bangar masu mulki sun fasa wannan ƙofar da gatari, suka ja mahaifina a ƙasa har bakin titi, tana tsaye da goyo. Ta rantse ba za ta sake jin ƙarar fasa ƙofar nan ba, ko da 'yarta ce ke riƙe da gudumar. Malam Isiyaku ya san wannan, domin yana wurin. Ina zaton shi ya sa hankalinsa yake kwance.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani. Shekaranjiya ɗan takarar jam'iyya mai mulki ya aiko a gaishe da Inna, tare da irin masara na kamfani a cikin leda mai kyau, da saƙon cewa tarakta tana nan in tana so. Inna ba ta taɓa dangwala wa wata alama ba sai tamu, kuma matan unguwarmu bayanta suke bi ranar zaɓe. A da, da ɗan saƙon bai gama sallama ba ta kore shi. Wannan karon ta ce an gode, ta ɗora ledar a kan katanga. Ba ta buɗe ba. Ba ta kuma mayar ba.

Saboda haka ga roƙona.

Ka umarci Malam Isiyaku da Kwamared Nura su zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In maganar wanda zai fara ce, su ba ni makullan biyu, ina da hannu biyu, zan murɗa su lokaci ɗaya a gaban shaidu. Tun da an dakatar da ni ta kowane gefe, babu wanda ya fi ni cancanta.

Ka zo da kanka ko ka turo wanda zai faɗa wa mutanen mazaɓarmu wane ne ɗan takararmu. A takardar ƙuri'a alamar jam'iyya ce kawai, amma yanzu mutum biyu ke yawo gida-gida, kowa yana cewa a dangwala wa alamar nan kuma a yi hattara da ɗayan. Tsofaffi suna tambayata ta wane gefen alamar za su sa yatsa don ƙuri'arsu ta faɗa wa Malam.

Dakatarwata kuma, ba na gaggawa. A bar ta har bayan girbi.

In Juma'a ta wuce ba wanda ya zo, to ina sanar da kai a gaban jama'a don kada a ce an yi a ɓoye. Na yi magana da Ado kafinta, wanda ya buga marataya ta biyu, ya ce ƙofar da katakon da take maƙale a kai za su fita daga bango lafiya lau in aka bi su a hankali, ba guduma ba gatari. Na kai wa Inna maganar. Ta ce in dai ba za ta ji ƙara ba, a yi, kuma a sa tsumma kada a ƙuje fentin. Da sanyin safiyar Asabar za a ciro ƙofar, a sauko da masara, a bi mai shanu gona. Kwaɗon Malam zai kasance a kulle, na Nura ma a kulle, ba wanda aka karya wa doka, ba wanda ya fara buɗewa.

Ƙofar kuwa dukiyar jam'iyya ce, ba zan riƙe muku ba. Zan sa a ɗora ta a motar hatsi mai zuwa Katsina, a sauke ta a ofishinka. Kowane ɓangare yana iya zuwa can ya ci gaba da gadin kwaɗonsa har ranar zaɓe. Shagon zan rataya masa asabari a madadin ƙofa.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ya haɗa kan jam'iyyarmu ko da na yini ɗaya ne, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Taka a gwagwarmaya,
Rakiya 'yar Malam Tanko,
dakatacciya sau biyu.