Koren da Shanu Ba Sa Ci

Zango, Wagadugu
Farkon damina

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Sule mai shanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwancinka, ya haskaka shi, ya sa ka a cikin waɗanda ya yi wa rahama.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ni za ka kira in karanta maka, ka tsayar da ni a kowane layi ka ce in juya maka Hausata zuwa Hausar mutane. Zan yi ƙoƙari yau in sauƙaƙa, ko da yake ka san halina, harshena ya saba da hawa sama.

Ga labarin gida. Inna ta fita takaba tun kafin azumi, tana nan lafiya in ban da gwiwar nan tata. 'Yarka Hadiza ta haihu a unguwar Sisin, namiji, an sa masa sunanka, saboda haka ba mai kiran sunan, Abba muke ce masa. Goshinka ne da shi sak. Rufin zaure ya fara yoyo daidai inda kake shimfiɗa buzunka, na yi magana da mai gyara sau biyu bai zo ba. Amininka Malam Idi na Dapoya yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci, ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ya ƙi shiga zauren. Ban tambaye shi dalili ba.

Sai maganar shanu, wadda ita ce ta zaunar da ni a kan wannan takarda. Damina ta kama, Mosawa sun fara shuka a wajen garin Kaya inda garkenmu yake, dole shanun su tashi arewa kafin gonaki su rufe burtali. Abin da ya rage mana ke nan, Baba, ƙasa da rabin garken da ka gina da ribar goron kakanmu. Su ne abincin Inna, su ne gadon Hadiza da ƙannenta. Idan wannan tafiya ta ɓaci kamar ta bara, to an rufe littafin shanu a gidanmu. Kuma kowa ni yake kallo.

Ka san aikina, ko in ce ka san sunansa, tunda kai ne kake tsayar da mutane a ƙofar masallaci kana gaya musu ɗanka yana teledeteksiyon, kana jan kalmar kamar mai jan ƙira'a. Ban taɓa zaunawa na yi maka bayaninsa a natse ba, domin na fi jin daɗin ka ɗauke shi a matsayin abin al'ajabi. Ga shi yanzu a taƙaice. Akwai tauraron ɗan'adam da ke ratsa samanmu, yana auna hasken da ganye ke mayarwa sama. Duk kwana goma ana haɗa mana hoto guda, ya iso cikin ordinater, wato kwamfuta, a biro, ofishinmu ke nan. Inda ƙasa take fayau, hoton yana nuna ruwan ƙasa. Inda tsiro ya fara, rawaya. Inda ya yi kauri, kore. Iyakarsa ke nan. Na yi shekaru a jami'a da wasu watanni a Yamai don in iya karanta waɗannan launuka, na kuma dawo ina jin cewa sama da ƙasa duk an buɗe mini su.

Kai kuwa naka ilimin a kasuwar shanu yake. Tun ina ƙarami nake ganinka, idan kamiyo ta sauke shanu daga arewa, ba shanun kake fara dubawa ba. Sai ka tambayi direba daga wace kasuwa ya ɗauko su, ka hau bayan motar, ka tsuguna, ka sa kara ka tona kashinsu. Idan ya yi laushi da kore, ka ce ciyawa ta fito a can. Idan ya fito a bushe, dunƙule-dunƙule, ka ce har yanzu rani suke ci. Da wannan kake aika wa Baffa Hammadi, Bafillacen da ya riƙe mana garke tun kafin a haife ni, hanyar da zai bi. Ni kuwa kunya nake ji. Alhaji guda da babbar riga, a tsugune kan kashin shanu, abokaina na lakwal, 'yan makarantarmu, suna wucewa. Ban taɓa gaya maka ba, amma na sha canza hanya don kada a ce ga ubana.

Ka tuna ranar nan ta bara, bayan la'asar, a zaure? Kai da Malam Idi da Baffa Hammadi da wasu dattawa biyu kuna shawarar hanya. Ka ce ka duba motoci kwana uku a jere, shanun da suka fito ta wajen garin Jibo kashinsu ya fara laushi, na wajen garin Dori kuwa a bushe yake ƙamas. Baffa ya ce shi ma ransa ya fi kwantawa da Jibo. Magana ta kusa ƙarewa sai na shigo da takardata mai launi, na shimfiɗa ta a kan buzunka ba tare da an nemi ra'ayina ba. Na nuna muku wani yanki kudu da Dori, kore shar, wanda babu kamarsa a duk taswirar. Na yi muku lacca. Na ce motoci uku ba hujja ba ce a kimiyyance, na ce samfuri ne mara wakilci, na ce biyomas, na ce andis, na ce zamanin ƙiyasi da kara ya shuɗe, yanzu zamanin ma'auni ne tabbatacce. Na ga Malam Idi ya sunkuyar da kai. Na ɗauka nauyin hujjata ne ya sunkuyar da shi.

Ka daɗe kana kallon takardar. Sannan ka ce wa Baffa ya bi inda yaron ya nuna.

Me ya sa, Baba? Wannan tambaya ta hana ni sakat. Ka yarda da ni ne, ko kuwa ba ka so ka ƙaryata ɗanka mai diplom a gaban abokanka, bayan duk shelar da ka yi da sunansa? Da ka daka mini tsawa ka ce in naɗe takardata in fita, da na yi fushin mako guda, da shanunmu suna nan.

Sun yi tafiyar kwanaki da ƙafafun da bazara ta riga ta cinye. Suka isa inda na nuna, suka tarar da shi kore kamar yadda na faɗa. Tauraron bai yi ƙarya ba. Tafasa ce. Ruwan farko ya sauka, ciyawa ta tsiro, ruwa ya ɗauke ta ƙone, tafasa ta samu fili ta rufe ƙasa har iyakar ganin ido. Shanu ba sa cin ɗanyar tafasa, kowane makiyayi ya san haka. Suka tsaya a cikin kore har gwiwa suna kukan yunwa. Komawa baya ba hali, gonaki sun riga sun rufe hanya. Baffa ya riƙa bin masu faɗuwa da wuƙa don kada su tafi mushe. Jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho, wadda ka ce da nonon kakarta aka yaye ni, tana cikinsu.

Yanzu ga abin da ban faɗa maka ba. Na sani. Ba wai na san tafasa ce ba, amma na san tana iya zama ita. An koya mana tun shekarar farko cewa ma'aunin nan kore kawai yake gani, ba ya bambanta ciyawa da tafasa ko tumfafiya. An koya mana cewa ɗigo ɗaya a hoton ya fi unguwar Zango faɗi. An nanata mana cewa ba a yanke hukunci da hoto sai an je an taka ƙasar an gani da ido, har suna ne da wannan ƙa'ida, na kuma rubuta jarrabawa a kanta na ci da yabo. Abin da kake yi a bayan kamiyo da kararka, shi ne ainihin binciken da malamaina suka ce kada a taɓa tsallake shi. Duk wannan yana cikin kaina a zauren nan. Na haɗiye shi, domin da na faɗa, da laccata ta rage kyau.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Da labari ya iso gida, na ce wa Inna da su Hadiza laifin Baffa Hammadi ne, wai ya yi jinkiri a hanya har ciyawar ta wuce. Na faɗa da Faransanci, na maimaita da Hausa. Suka yarda, domin ni ne mai ilimi.

Ka tafi arewa da kanka, duk da likita ya hana ka doguwar tafiya saboda hawan jini. Ka yi kwana tara. Ka dawo ka rame, da ƙunshi guda a hannunka, ka miƙa wa Inna ka ce ta yi mana kwaɗo. Da aka kawo, ka kira ni mu ci tare a akushi ɗaya, abin da ba mu yi ba tun ina firamare. Tafasa ce da ƙuli. Ka ci, na ci. Ina jiran ka yi magana, ba ka yi ba. Ka wanke hannu ka ce alhamdu lillahi, ka tashi. A ƙofar masallaci kuma, duk wanda ya yi maka jaje, sai ka ce kai ka zaɓi hanya, Allah bai nufa ba. Na ji ka da kunnena, na tsaya a bayanka ban ce uffan ba. Wata huɗu bayan nan ka faɗi a wurin alwala. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, malamai sun gaya mini, ni ma ina gaya wa kaina. Amma wa ya tura ka wannan tafiya?

Shekaranjiya na je kasuwar shanu. Na cire takalmin biro, na hau bayan wata kamiyo da ta fito daga arewa, na tsuguna da kara a hannuna. Dillalai suka taru suna kallo, wani ya ce a bar shi, ɗan Alhaji Sule ne. Na tona, na duba, na sake tonawa. Baba, ban ga komai ba. Kashi ne kawai. Ban san iyakar laushin da kake nufi ba, ban san ko kwana biyu a mota suna canza shi ba, ban san abin da kake shinshinawa ba. Shekara ashirin da wani abu kana yi a gabana, kyauta, ban tsuguna kusa da kai ko sau ɗaya ba. Wa zan tambaya yanzu?

Jiya Baffa Hammadi ya iso daga Kaya don ya ji hanya. Na tara Inna da Hadiza, na faɗi gaskiya a gabansa, cewa bai yi jinkiri ba, ni na aika shi cikin tafasa, na kuma yi masa ƙazafi. Na roƙe shi gafara. Ya ce ai ya ji abin da na faɗa tun bara, kuma lokacin da ka je arewa ka roƙe shi ya bar maganar a kansa, kada a karya yaro tun yana farkon aiki. Ashe ku biyu kuka ɗauki kayana, ina tafe a tsakaninku ina taƙama.

Na ɗauka daga nan zai yanke hanyarsa da kansa. Sai ya juyo ya tambaye ni abin da hoton bana ya nuna. Bayan duk abin da ya faru, ya tambaye ni. Ya ce shi ma alamomin da ya gada sun fara rikice masa, ruwa yana zuwa kafin lokacinsa ya ɗauke a tsakiya, iskar da ya sani ba ita ke busawa ba. A wannan kam hotunanmu sun gaskata shi, domin idan na jera na shekarun baya ina ganin yadda farkon damina yake yawo ba ya zama wuri ɗaya. Ina iya nuna wa kowa wannan a biro da dogon bayani. Abin da ba na iyawa shi ne in gaya wa mutum ɗaya inda zai kai shanunsa gobe.

Hoton bana yana cikin jakata. Ya sake nuna kore a wajen Dori, rawaya a wajen Jibo. Ko ciyawa ce a wannan karon? Ko tafasar bara ce ta zubar da iri ta dawo da ƙarfinta? Rawayar Jibo kuma, ciyawa ce ke tasowa ko ƙonewa take yi? Na nuna masa, na gaya masa iyakar abin da takardar take gani da abin da ba ta gani, sannan na ce ban sani ba. Kalmomi uku ne, ban tuna ranar da na taɓa haɗa su a gaban mutane ba. Ba su warware komai ba. Shanun dai dole su tashi, ko an sani ko ba a sani ba.

Baffa ya ce zai bi ta Jibo, ba don ya tabbata ba, sai don ƙafarsa ta fi sanin rijiyoyin can. Ya hau mota da safen nan. Jibi garken zai tashi, da maruƙa huɗu da aka haifa bayan rasuwarka. Ba za mu ji komai ba sai ya kai garin da ake samun tarho.

Da na dawo daga raka shi tasha, Inna ta tambaye ni ko na zaɓa musu hanya mai kyau. Na ce mata ban zaɓa ba. Ta koma tsintar shinkafarta.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya jiƙanka, ya sada mu a inda ba a ƙishi ba a yunwa. Ka huta lafiya.

Ɗanka da ya rena kararka,
Isiyaka