Maganin Idona a Idon Babanka

Zuwa ga maigidana, babban jikana,

Gaisuwa mai yawa. Ya kake, ya ƙannenka, ya kajina? In ka yanka ko ɗaya, to ka nemi wata matar. Mu nan lafiya lau, sai dai kakarka ta yi ɓarna.

Babanka ya dawo daga tuƙi ido jajur. Na tausaya, na miƙa wa uwarka maganin da nake ɗigawa tun da aka yi mini aikin ido, na ce ta sa masa. Kafin safiya baƙin idonsa ya buɗe kamar na mage, haske kaɗan sai hawaye.

Da muka kai shi asibiti, likita ta ce a kewayen baƙin ido akwai 'yan tsokoki kamar zariyar wando. Jiki ne ke aika musu sinadarai, wannan ya ce "ja", wancan ya ce "saki", maganina kuwa ya toshe musu kunne. Na ce, "To a ja masa zariyar mana!" Ta yi dariya, ta ce da kansa zai koma. Shi bai yi dariya ba.

Ga shi zaune a ɗaki, labule a sauke. Motar kamfani an ba wani, ba mu san ko za a mayar masa ba. Kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni. Da faɗa ya yi, da na fi samun barci.

Ka kira shi ka ba shi haƙuri a madadina, ka san bakina ba ya buɗuwa gaban suruki. Allah ya yi maka albarka.

Kakarka, wadda ta ajiye likitanci.