Inna, Aminu Bai Hau Jirgin Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, na rubuto ne in ba ki labarin autanki Aminu, wanda kika bar min amanarsa.

Karatun likitan dabbobin nan da ya tafi ƙasar waje kina da rai, ya gama shi. Ranar da zai taso ina tsakar gida ina ɓare gyaɗa, rediyo na kan turmi. Sai na ji an ce jirgin da ya tashi daga garin da yake karatu da safe ya afka wa duwatsu, gajimare ya rufe ko'ina, matuƙin bai ga gabansa ba. Babu wanda ya fita da rai. Shi ne jirgin da Aminu ya ce zai hau.

Na yi ta kiran wayarsa, a kashe take. Baba ya dawo daga gona, ya zauna a ƙofar ɗakinki. Maƙwabta suka yi ta shigowa, amma ba wanda ya yarda ya fara yi mana ta'aziyya. Ni kuwa maganarki nake ji, ta ranar da muka raka shi tashar Ɗambatta: "Rabi, yaron nan ko abinci sai an tuna masa."

Bayan la'asar wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryarsa ce, Inna. Ruwan sama ne ya yanke hanya, motarsu ta maƙale, wayarsa ta jiƙe, ya isa filin jirgi an riga an rufe ƙofa. Wai har faɗa ya yi da ma'aikatan. Baba ya karɓi wayar, ya sa shi ya maimaita sunansa, sannan ya yi sujada nan kan ɓawon gyaɗa.

Sai dai abokin karatunsa Nura, ɗan Gezawa, yana cikin jirgin. Da muka je gaisuwa na rasa inda zan sa idona. Mahaifiyarsa ce ta kamo hannuna, ta ce ta ji namu ya tsira, ta gode wa Allah. Ta ce in ya iso a kawo mata shi, ya ba ta labarin zaman ɗanta a can.

Jiya Aminu ya iso, a rame. Yanzu haka yana barci a ɗakinki. Gobe zan kai shi wurin mahaifiyar Nura.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Nura da duk waɗanda ke cikin jirgin, Ya ba iyayensu haƙuri. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rabi