Zare arba'in da uku a gwangwanin Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina rubuta miki wannan takarda ne yau Alhamis, ƙarfe biyar da minti biyar na yamma, saura kwana goma sha ɗaya azumi idan an ga wata yadda kalanda ta nuna. Ina zaune a kan tabarmarki a ƙofar ɗakinki, nan gida Daura. Gwangwanin duwatsunki yana damana, wayata tana haguna. Shekara biyu da wata biyar ke nan da rasuwarki. Na san ba za ki karanta ba. Zan sa ta a shafina ne, inda masu sayen kayana za su gani, don ya kamata su san hannun wa nake kwaikwayo.

Ƙarfe huɗu saura minti ashirin wani saƙo ya shigo wayata, shi ya sa na zauna rubutu. Amma kin san halina, ba na iya fara labari daga ƙarshe.

Na gama karatun, Inna. Digirin lissafi, wanda kika riƙa sanar da maƙwabta tun ban shiga aji biyu ba. Na gama bautar ƙasa, na dawo gida wata bakwai da suka wuce. Na nemi aiki wuri goma sha huɗu, uku suka amsa, dukansu da haƙuri. Sai Kawu ya samo mini koyarwa a wata makaranta a Katsina, in zauna a gidansa. Aiki ne mai kyau. Amma ni ban son barin ɗakin nan, kuma na riga na buɗe gwangwaninki.

Da na gaya wa Baba ina so in gwada sana'arki in riƙa sayarwa ta waya, ya dube ni. Ya ce, "Safiya, ba hana ki nake yi ba. Ki gwada zuwa ganin watan azumi. In abin bai kankama ba, sai ki haɗa jakarki." Tun daga ranar nake ƙirga kwanaki.

Gwangwanin yana nan yadda kika bar shi, da murfinsa mai lotsa. A sama akwai tsakiya da murjani da ƙananan duwatsun jigida kala shida. A ƙasa akwai dunƙulen zare, kowane da ƙulli a jikinsa da ɗan ƙyallen atamfa a bakinsa. Na ƙirga su sau biyu, arba'in da uku. Na san ko mene ne: awon matan da kike yi wa aiki, ƙyallen kuma ragowar yankan telan kowacce, da shi kike gane mai shi tunda ba ki rubutun boko. Na mayar da su ƙasa na ce a raina wannan hanyar da ce. Ni ina da tef na awo da digiri.

Ban kama shago ba. Jarina shi ne duwatsunki, da farin farantin tangaran ɗinki, da wayar nan, da shafin da ake buɗewa kyauta. Na gano cewa hoto ya fi kyau tsakanin ƙarfe takwas da takwas da rabi na safe, kafin rana ta faɗo tsakar gida. Ɗan kunne ɗaya na taɓa ɗaukarsa hoto ashirin da shida kafin in yarda da guda. Goggo Hansai, ƙanwar Baba, ita ke ara mini hannu idan zan nuna awarwaro. Ba ta zuwa sai ta sa lalle. Takan ce, "Hannuna ya je Kano ni ban je ba. Duk wadda ta yaba awarwaron nan, ni take yabo, ki riƙa gaya mini."

A ƙarƙashin kowane hoto na rubuta a aiko da awo da santimita. Na ga kamar babu abin da ya fi wannan tsari.

Mata huɗu suka fara saye, kayan uku suka dawo. Ɗaya ta auna da gefen inci na tef ɗin tela, awarwaronta ya fito kamar na jariri. Ɗaya ta kintata ne kawai. Ta uku, wata mata a Dutsi, jigida ta ce in yi mata, ta ba ni lamba, na yi daidai lambar har rabin santimita, direba ya dawo mini da ita washegari wai ta ƙi haɗuwa. Na gwada tef ɗina da rula sau uku. Lafiyarsa ƙalau. Na zauna a nan inda nake zaune yanzu na yi kuka, saura mako shida wa'adin Baba.

Goggo ce ta same ni. Ta ɗaga jigidar ta duba, ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce, "Ke da digirinki. Wace mace ce za ta rubuta wa baƙuwa lambar ƙugunta a waya? Ragewa ta yi don kunya, ni ma da ni ce sai na rage. Uwarki shekara talatin tana wannan aiki, kin taɓa jin ta tambayi wata lamba?"

Ban taɓa ji ba, Inna. Abin da na tuna shi ne kina miƙa wa mace zare kina cewa, "Shiga ɗaki ki zagaya da kanki, ki ƙulle inda ya yi miki daɗi. Ni ba na son jin komai, zaren kawai za ki ba ni." Ina yarinya na ɗauka rashin tef ne ya sa. Ashe akwai tef a ƙasan adakarki, na gan shi daga baya, sabo a ledarsa.

Washegari da safe na zaro zare ɗaya daga naki, mai koren ƙyalle da zanen kifi, na shimfiɗa shi a faranti na ɗauka. Na goge maganar santimita. Na rubuta cewa duk mai so ta zagaya zare a hannu ko wuya ko ƙugu, ta ƙulle, ta ɗaura ɗan ƙyalle don a gane nata, ta sa a ambulan ta ba direban Daura a tasha, ni zan je in karɓa. Na aika. Na tabbata za a yi mini dariya, a ce ga mai ciniki ta intanet tana jiran zare a mota.

Kwana uku babu kowa. A na huɗu ambulan biyu suka zo daga Katsina, a na shida ɗaya daga Kano. Matar Dutsi ma ta aiko da nata ba tare da ta ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Duka sun yi daidai. Amma huɗu ba su isa in tunkari Baba da su ba.

Sai wata murya ta shigo wayata daga garin Babban Mutum, can hanyar Baure, muryar dattijuwa. Zan kira ta Larai, ba sunanta ba ne. 'Yarta ce ta nuna mata hoton. Ta ce, "Yarinya, wannan ƙyallen kifin zanina ne, na sunan ɗana na biyu. Ke 'yar Mai Duwatsu ce? Ina take, ta daina zuwa kasuwarmu?" Na gaya mata kin rasu. Ta yi miki addu'a mai tsawo, ta ce ta sha cigiyarki ba ta samu wanda ya sani ba. Daga nan ta ce su tara ne mata a gidanta, ita da 'ya'ya da surukai, kowa na son abin Sallah.

Ambulan ɗinsu ya zo da zare tara da ƙyalle tara. Na ɗora sabon zaren Larai a kan tsohon da kika ajiye. Sabon ya fi tsawo. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce, "Rubuta, amma in kika faɗi da nawa ya fi, ni da ke ne." Na san adadin, Inna, har rabin santimita. Ba zan faɗa ba. Ina jin wannan ne karo na farko da na san lamba na riƙe bakina.

Kwana shida na yi ina shirya su, jigida biyar, awarwaro uku, sarƙa ɗaya. Na ƙulle kowanne sau uku na ƙona bakin da ashana yadda kike yi. Na kai tasha ranar Talata da safe, na ba direban hanyar Baure. Shiru ranar Talata, shiru jiya. Na san layin waya ba ya zama a can kusa da iyaka, amma sanin bai sa na iya cin abinci ba. Har jakata na ciro daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe.

Saƙon ɗazu daƙiƙa hamsin da biyu ne. Rabinsa dariyar mata ce da ƙarar duwatsu. Sannan Larai ta ce, "Duka tara sun zauna, babu na mayarwa. Da ba ki gaya mini ba sai in rantse uwarki ce ta yi. Maƙwabtanmu suna neman zare yanzu haka, ki shirya."

Ban iya gaya wa Baba da kaina ba, Goggo ce ta tare shi da ya dawo daga masallaci. Ya kira ni ya tambayi abin da na aika musu. Na sunkuyar da kai na ce awarwaro da sarƙa da sauransu. Ya ce, "Ban tambaye ki sauransu ba." Sannan ya ɗauki awarwaron da ke faranti ya juya shi zuwa wajen ƙullin, ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa. Ya ce, "A kira Kawunki a ce su nemi wata malama." Ya shiga turakarsa. Goggo ta ce ita kuma a ƙara mata lalle.

Ina nan, Inna. Ba zan tafi ba. Na mayar da jakar ƙarƙashin gado.

Akwai abubuwan da har yanzu ban sani ba, kuma gara in lissafa miki su.

Ban sani ba ko cinikin zai ɗore bayan Sallah.

Ban san inda kike saro jan murjanin nan ba. Na tambayi masu koli uku a kasuwa, babu mai irinsa, saura guda goma sha tara.

Ban san dalilin da ya sa kika sayi tef kika bar shi a leda ba.

Cikin zare arba'in da uku, na Larai kaɗai na san mai shi. Zan riƙa sa hoton ɗaya duk Juma'a, wadda ta gane ƙyallenta ta yi mini magana.

Guda ɗaya ne ba zan sa ba. Shi ne mafi gajarta, santimita tara da rabi, iyakar zagayen yatsuna biyu, awon hannun jariri. Ƙyallensa na shuɗin zaninki ne, wanda kike goyo da shi. Na kira Yaya Maryam, tun ban gama tambaya ba ta ce nata ne. Goggo ta ce ta manta. Baba murmushi kawai ya yi. Ban san ko hannun wa kika zagaya da shi ba, kuma na yanke shawarar ba zan bincika ba. Na mayar da shi can ƙasan gwangwani inda kika sa shi.

Allah Ya jiƙanki, Innata. Ya yalwata miki makwancinki, Ya haskaka shi, Ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa wa matan nan nasu. Ya sa albarka a hannun da kika bari. Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya ce amin.

Taki, autarki,
Safiya 'yar Mai Duwatsu